Ganye a Kwano, Tafiya a Ƙafa: Abin da Bincike Ya Nuna Kan Kayan Lambu da Motsa Jiki

Cututtukan da ba a ɗaukar su daga jikin wani, irin su hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji, su ne ke haddasa kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen da ake yi a duniya kowace shekara, kamar yadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna, kuma mafi yawan waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa, inda a da ake yi wa irin waɗannan cututtuka kallon larurar masu hannu da shuni. Dalilansu suna da yawa, akwai gado da yawan shekaru da shan taba da shaƙar gurɓatacciyar iska, amma biyu daga ciki sun bambanta da saura, domin kullum mutum yana yanke hukunci a kansu ko ya sani ko bai sani ba, wato abin da ya shiga kwanonsa da kuma yawan motsin da jikinsa ya yi daga safiya zuwa dare. A ƙasar Hausa ganye da 'ya'yan itace ba baƙi ba ne a tukunya ko a kasuwa, aikin ƙarfi kuma a kansa rayuwar iyaye da kakanni ta ginu, sai dai abin da ake ci bai kai gwargwadon da jiki ke buƙata ba, motsin kuma yana ta raguwa, musamman a birane, ba tare da an ankara ba.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, adadin da aka saba kasawa gida biyar, kowane kaso giram 80, wanda ya yi daidai da lemo guda matsakaici, ko ayaba guda, ko yanka ɗaya mai kauri na kankana ko gwanda, ko kuma cokali uku manya na dafaffen ganye. Dankali da rogo da doya da gwaza ba sa shiga wannan lissafi, domin ko da yake a ƙasa suke tsirowa, sitaci ne ya fi yawa a cikinsu, saboda haka aikinsu a jiki ya fi kusa da na tuwo da shinkafa. Idan aka ɗora abincin gida na yau da kullum a kan wannan ma'auni, giɓin yana fitowa fili: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, tuwo da miyar kuka da dare. Gaskiya ne busasshen ganye ya fi ɗanye ƙarfi idan aka auna su nauyi da nauyi, tunda ruwansa ya fita, amma 'yan cokulan garin kuka da aka kaɗa wa mutum goma, ko tumatir na 'yan kuɗi kaɗan da aka markaɗa aka soya wa gida guda, ba za su ba kowane mutum ko da kaso biyu daga cikin biyar ɗin ba. Ana ɗaukar ganye a matsayin abin da ke taimaka wa tuwo ya wuce maƙogwaro, alhali shi ma abinci ne da ya cancanci gefensa a kwano.

Sanin cewa rashin ɗanyen abinci yana jawo cuta ya girmi sanin dalilin hakan. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan yaƙin Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki matuƙa 12 da suka kamu da cutar da ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin raunuka su sake buɗewa, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani daban, sai ya zamana waɗanda aka ba lemo da lemon tsami ne suka murmure cikin 'yan kwanaki. Sai a farkon shekarun 1930 aka gano sinadarin da ke yin wannan aiki, wato bitamin C. Bitamin dai sinadarai ne da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsu don gudanar da ayyukansa, mafi yawansu kuma ba ya iya ƙera su da kansa, dole sai ta hanyar abinci. Bahaushe ma ya daɗe da sanin dundumi, wato kasa gani da zarar magariba ta yi, wanda alama ce ta farko ta ƙarancin bitamin A, ƙarancin da idan ya tsananta a jikin yaro yana iya makantar da shi, ya kuma raunana garkuwar jikinsa har ƙyanda ko gudawa su yi masa illar da ta wuce kima. Jiki yana samar da wannan bitamin daga wani sinadari mai launin ruwan ɗorawa da ake kira karotin, wanda ke cikin kabewa da karas da mangwaro da gwanda da manja, da kuma ganyaye masu duhun kore irin su zogale da alayyahu. Karotin ba ya shiga jini sosai sai da maiko, wannan ne ya sa kwaɗon zogale da aka yi da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya zama haɗi mai ma'ana a idon masanin abinci, duk da cewa matan da suka ƙirƙiro shi daɗi suka nufa.

Akwai irin wannan alaƙa tsakanin ganye da ƙarancin jini, matsalar da Binciken Alƙaluma da Lafiyar Jama'a na Nijeriya na shekarar 2018 ya samu a jikin kashi 58 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa da kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da yawan haihuwa kusa da kusa suna da hannu a ciki, amma abinci ma yana da nasa kason, domin jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe da wani bitamin da ake kira folet don ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama da hanta, sai dai bitamin C yana ƙara yawan abin da hanji ke tsotsa, shayi kuwa yana rage shi, saboda haka matsa lemon tsami a kan wake ko kwaɗo, da jinkirta shan shayi zuwa sa'a guda ko fiye bayan cin abinci, ƙaramin sauyi ne da ke da amfani ga mai juna biyu da mai shayarwa.

Amfanin da ya fi shafar manya, duk da haka, ya zarce batun bitamin. Denis Burkitt, wani likitan fiɗa ɗan asalin Ailan da ya shafe kusan shekara ashirin yana aiki a Yuganda, ya lura cewa ciwon dajin babban hanji da basir da wasu cututtukan ciki da suka yi yawa a asibitocin Ingila ba kasafai ake ganin su a tsakanin mutanen karkarar Afirka ba, kuma a farkon shekarun 1970 ya danganta bambancin da abin da masana ke kira faiba, wato ɓangaren tsiro mai zare-zare da dusa wanda hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Ba duk abin da ya faɗa ne bincike ya gaskata ba, amma ginshiƙin maganarsa ya tsaya. Faiba tana riƙe ruwa ta tausasa bayan gida, ta rage yunƙurin da ke tayar da basir, tana jinkirta shigar suga cikin jini bayan an ci abinci, wani nau'inta mai yauƙi, irin na kuɓewa, yana taimakawa wajen rage kitsen jini da ake kira kolestarol, sannan ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a babban hanji da ita suke rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar samun aƙalla giram 25 nata a rana. Abin lura a nan shi ne irin abincin da Burkitt ya yaba, na hatsin da ba a cire dusarsa duka ba da wake da ganye, shi ne wanda mazauna birane suke ta musanyawa da farar shinkafa da burodi da taliyar leda.

Daga nan ake gane bambancin da ke tsakanin cin ɗan itace da shan ruwansa. Wanda ya ci lemo guda biyu da totuwarsu ya ƙoshi, sugan da ke ciki kuma a hankali zai shiga jininsa, wanda kuwa ya matse guda biyar ya tace ya shanye a tsaye ya zubar da faibar ya bar sugan. Lemon kwalba da na kwali ba sa cikin lissafi ko kaɗan, domin gwangwani guda yana iya ƙunsar suga da ya kai cokalin shayi goma, alhali iyakar da aka ba baligi na sugan ƙari a yini duka ba ta wuce cokali 12 ba. Zoɓo da kunun tsamiya da na aya ma, duk da asalinsu na tsiro, sukan koma cikin wannan sahu idan aka cika su da suga kamar yadda masu sayarwa suka saba.

Game da hawan jini, hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga wani gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 1997, wanda aka fi sani da DASH. Awon jini lambobi biyu ne, ta sama tana nuna ƙarfin turin jini a jijiyoyi lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki, kuma idan awon ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, an ce mutum yana da hawan jini. Masu binciken sun ciyar da mutum 459 na tsawon mako takwas, wasu da abincin da aka saba ci a ƙasar, wasu da abinci mai yawan kayan lambu da 'ya'yan itace da madara marar kitse sosai, sai lambar sama ta masu hawan jinin da ke rukunin ƙarshe ta sauka da kusan maki 11, saukar da ta yi daidai da abin da ƙwayar magani guda ke iya yi. Fiye da rabin waɗanda aka yi gwajin da su baƙaƙen fata ne, kuma a jikinsu saukar ta fi yawa. Wani ɓangare na bayanin yana ga sinadarin fotasiyam, wanda ke da yawa a ganye da ayaba da tumatir da wake, yana kuma taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyam, wato sinadarin gishiri da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga awon jini. Ganye ba zai yi wannan aiki yadda ya kamata ba idan aka tsunduma shi cikin gishiri da dunƙulen magi barkatai, tunda iyakar gishirin da aka yarda wa baligi a rana ba ta kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da yajin tsire da kayan gwangwani.

Da aka gano waɗannan sinadarai, sai aka yi zaton za a iya tsame su a zuba a ƙwaya a huta da cin ganye, amma wani babban gwaji da aka yi a Finlan a kan maza masu shan taba kusan 29,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1994, ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi waɗanda ba a ba ba kamuwa da ciwon dajin huhu. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a asibiti, da ɗigon bitamin A da ake ba yara, suna da muhallinsu kuma suna ceton rai, amma ga mai lafiya babu ƙwayar da ta maye gurbin abincin kansa. Wannan gargaɗi ya shafi zogale ma, wanda a 'yan shekarun nan aka mayar da garinsa da 'ya'yansa hajar talla, ana cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da abin da ya fi haka. Ganye ne mai gina jiki ƙwarai, mai jure fari, wanda ya dace a samu a kowace tsakar gida, amma wanda ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ya koma haɗiyar 'ya'yan zogale ya jefa kansa cikin haɗari.

Babban abin da ke hana mutane cika ma'aunin nan shi ne kuɗi, kuma rashin adalci ne a yi wa talaka wa'azin cin 'ya'yan itace ba tare da an ambaci farashi ba. Wani bincike da ya shafi ƙasashe 18, wanda mujallar likitanci ta Lancet Global Health ta buga a 2016, ya gano cewa sayen kaso biyar ɗin nan ga kowane mutum a gida zai cinye kusan rabin kuɗin shigar iyali a ƙasashe matalauta, alhali a ƙasashe masu arziki bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Sai dai wani ɓangare na tsadar daga tunani yake, domin da zarar an ce 'ya'yan itace, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga tuffa da inabin da aka shigo da su daga ƙetare, a manta da gwaiba, wadda bitamin C ɗinta ya ninka na lemo kusan sau huɗu, a manta da 'ya'yan kuka da magarya da kurna da kanya da ɗinya da tsada da taura da goruba, waɗanda yaran karkara suka tashi suna ci ba tare da sun biya ko sisi ba, kuma sare itatuwa don itacen girki da gawayi yake ta rage su. Haka tafasa da rama da lalo da yakuwa, da damina ke fitarwa a bayan gida da gefen gona, har yanzu wasu suna yi musu kallon abincin shekarar yunwa, suna jin nauyin a gan su a kwanonsu.

Matsala ta biyu ita ce ta lokaci. Noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mayar da Kadawa da Kura cibiyar tumatir, kamar yadda Aliero a Jihar Kebbi da Galmi a Jamhuriyar Nijar suka shahara da albasa, Diffa da tattasai, tsaunukan Jos da kabeji da karas, amma duk wannan albarka a 'yan watanni take zuwa, kwandon tumatir ya faɗi warwas a ƙarshen hunturu har ya ruɓe a bakin titi, ya kuma gagari mai ƙaramin ƙarfi idan damina ta kankama. Mangwaro ma haka yake, a yi ta zubar da shi a bazara, a neme shi a rasa bayan wata biyu. Dabarar da ta dace ita ce bin kaka, a ci abin da ya yi araha da yawa a lokacinsa, a kuma adana na gaba. Kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da shanyayyen zogale tsohuwar hikima ce, sai dai shanya ganye a inuwa mai iska ta fi shanya shi a tsakar rana, domin hasken rana yana lalata karotin. Akwai kuma tukunya cikin tukunya da wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a shekarun 1990 har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan da ke tsanewa ta jikin tukunyar waje ya riƙa janye zafi, kayan miyan da kan lalace cikin kwana biyu ko uku su kai mako biyu ko fiye, musamman lokacin da iska ta bushe.

A wajen girki ma ana asarar abin da aka saya da kuɗi. Bitamin C da folet ba sa jure doguwar dahuwa, suna kuma narkewa su bi ruwan da aka tafasa ganye a ciki, kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi ko kuɓewa ta ƙara yauƙi kuma tana ƙara lalata su, saboda haka zuba alayyahu a ƙarshen miya, da rage kanwa, da barin ruwan dahuwa a cikin abincin in dai ba mai ɗaci ba ne, duk suna da fa'ida. Ba kowane abu ne ɗanyensa ya fi ba, domin tumatir da karas suna sakin wasu sinadaransu ne idan sun ji wuta da ɗan mai. Abin da za a ci ɗanye kuwa, irin su latas da kabeji da lansir da gurji, dole a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, tunda wasu lambunan gefen birni da ruwan kwata ake ba su, ta nan kuma taifot da kwalara da tsutsar ciki suke samun hanya.

Ɓangare na biyu na batun, wato motsa jiki, shi ma yana da tarihin hujjarsa. A 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri kusan 31,000, inda ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocinsu, waɗanda ke hawa da sauka a matakala ɗaruruwan lokuta a rana suna karɓar kuɗi, ya samu cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Da aka ƙalubalance shi cewa wataƙila masu ƙiba ne tun farko suke zaɓar tuƙi, sai ya koma ga kundin awon wandunan aikin da kamfanin ke raba wa ma'aikata, ya tabbatar da cewa direbobin sun fi faɗin ƙugu, amma ko an kwatanta masu ƙugu iri ɗaya, kwandastan ya fi samun kariya. Tun daga lokacin bincike ya yi ta taruwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na 2020, waɗanda suka nemi baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko rabin haka idan mai tsanani ne, ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma su samu sa'a guda kullum. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi ke ƙaruwa, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya magana ko da ba zai iya rera waƙa ba, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Mai tsanani kuwa shi ne wanda haki ke hana jera kalmomi. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba su cika wannan ma'auni ba.

Dalilin da ya sa ake cewa kullum, maimakon a tara motsin mako a yi shi ranar Asabar, yana cikin yadda tsoka ke aiki. Insulin sinadari ne da jiki ke fitarwa don shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassa, ciwon suga na manya kuma yana farawa ne idan sassan suka daina amsa kiransa yadda ya kamata. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko da insulin bai yi yawa ba, bayan an gama kuma takan ci gaba da amsa kiran insulin da kyau na tsawon kwana ɗaya zuwa uku, daga nan tasirin ya gushe, shi ya sa likitoci ke ba masu ciwon suga shawarar kada su wuce kwana biyu a jere ba su motsa ba, kuma 'yar tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin tuwo tana rage hauhawar suga a jini. Wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 da suganinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka wallafa shi a 2002, ya nuna cewa gyaran abinci da rage ƙiba kaɗan da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari, yayin da maganin metfomin ya rage shi da kashi 31. Motsa jiki yana kuma sassauta jijiyoyin jini, ya ƙarfafa ƙashi, ya gyara barci, ya rage damuwa, kuma mafi yawan wannan amfani yana samuwa ko da sikeli bai nuna raguwar nauyi ba, abin da ya kamata masu karaya bayan wata guda su sani.

Adadin taku 10,000 a rana da wayoyin hannu ke ƙirgawa ba daga binciken likitoci ya samo asali ba, daga tallan wata na'urar ƙirga taku ne da aka fitar a Japan a tsakiyar shekarun 1960. Binciken da aka buga a 2019 a kan tsofaffin mata a Amurka ya nuna cewa masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Riba mafi girma tana ga wanda ya tashi daga zama zuwa ɗan motsi.

A ƙasar Hausa dole a bambance tsakanin mutane biyu. Manomin da ke wuni da fartanya, da matar karkara mai surfe da daka da jan guga da ɗauko itace, da mai tura kurar ruwa, sun riga sun wuce ma'aunin, su abin da ya rage musu shi ne ingancin abinci da hutu. Wanda maganar ta shafa shi ne ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci, da ma'aikacin ofis, da direba, da tela, da ɗalibin da ke hawa adaidaita sahu ko acaɓa don tafiyar da ba ta wuce minti goma a ƙafa ba, da kuma matar birni wadda injin niƙa da famfo da 'yar aiki suka ɗauke mata ayyukan da suka riƙe jikin kakarta, ba a kuma ba ta wani abu a madadinsu ba. Ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin al'ada ba ta sakar mata fita yawo a titi ba, wuraren motsa jiki na mata kuma kaɗan ne kuma da tsada, saboda haka abin da ya rage mata shi ne zagaya tsakar gida da sauri, da tsallen igiya, da tashi da zama daga kujera, da hawa matakala inda akwai bene, da zuwa unguwa a ƙafa idan nisan ya ba da dama, kuma a nan goyon bayan maigida yana da tasiri fiye da duk wata shawarar likita. Yara ma langa da gaɗa da kokawa da ƙwallon unguwa sun ishe su, in dai ba a gine filayen ba, waya kuma ba ta zaunar da su ba. Kallon da ake yi wa teɓa a matsayin shaidar hutu da wadata yana ƙara dagula lamarin, alhali kitsen ciki ya fi na sauran jiki haɗari, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a auna tsawon mutum da igiya, a ninke ta gida biyu, idan ba ta zagaye cikinsa a saitin cibiya ba, kitsen ya yi yawa.

Yanayi yana da nasa hukuncin, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, saboda haka bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya ne lokacin da ya dace, tare da shan ruwa isasshe, a hunturu kuma masu asma su guji fita lokacin da ƙura ta yi kauri. Mai azumi ya fi dacewa ya yi tafiyarsa dab da shan ruwa ko bayan ya ɗan huta da buɗa-baki, ya kuma ba kankana da gwanda da kwaɗo wuri a faranti kafin soye-soye su cika shi. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma ya riƙa ƙarawa mako-mako, idan kuma ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagara fiye da kima, ya tsaya ya nemi likita. Masu ciwon ƙoda da ya yi nisa ba sa iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata, don haka yawan ayaba da lemo da tumatir na iya cutar da su, masu shan maganin tsinka jini na wafarin kuma ana son kada su sauya yawan ganyen da suke ci farat ɗaya, saboda bitamin K da ke cikinsa yana rage ƙarfin maganin. Mai ciwon sugan da ke allurar insulin ya riƙe dabino biyu ko uku a aljihu lokacin tafiya saboda faɗuwar suga, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo, tunda ciwon kan kashe jin zafi a ƙafa har ƙaramin rauni ya girma ba a sani ba.